Firimiyar Ɗan Talata

Duk wanda ya ce maka Ɗan Talata ya taɓa tashi sama, ka ce masa ni na ce ƙarya yake yi. Ina da teburin shayi a tashar Gure tun kafin kwalta ta san hanyar garin nan, kuma babu abin da ya shiga tashar ya fita ban gani ba. Ga yadda aka yi. Shekarar da soja suka karɓi mulki, Ɗan Talata ya kai wani Bature filin jirgi na Damagaram a motarsa. Aka rasa mai ɗaukar akwati, sai ya saɓa ya hau matakala da shi. Ya ajiye akwati, ya leƙa dama, ya leƙa hagu, wata ma'aikaciya ta nuna masa ƙofa. Iyakarta ke nan. Mai shan fura a tsaye ma ya fi shi daɗewa. Amma kafin ya iso Gure labari ya yi ƙiba: ya zauna, an ba shi lemo, matuƙin jirgin ya kira shi gefe ya nemi shawararsa a kan inji. Mu 'yan tasha muka laƙaba masa Filoti don tsiya, wato matuƙin jirgi. Shi kuwa ya ɗauka yabo ne, har ya sa aka rubuta a goshin motar.

Motar tasa tsohuwar kamiyo ce, wato babbar mota ta kaya da mutane, Gure zuwa Damagaram. Ba ta da kyau, ba ta da sauri, amma tana da abu guda da ya fi fenti: Alhaji Hammajoda a gidan gaba. Alhaji Hammajoda Bafillace ne, falken shanu, mutum mai nauyi da ƙarancin magana. A Gure motar da ya shiga ita gari ke shiga. Ba wanda ya kafa wannan doka, mutane dai cewa suke yi in mai shanu kamar nasa ya yarda ya ba mota ransa, su wa za su ƙi? Da shi Ɗan Talata ke ci, da shi yake sha, kuma ya sani sarai.

Ana nan sai Fannami ya dawo daga Yamai da sabuwar mota. Fannami Babarbare ne, ka kuwa san Barebari da Fulani, abokan wasa ne, babu abin da ba sa gaya wa juna. Ya buɗe ƙofar gidan gaba a tsakiyar tasha, ga kujera mai soso kamar gadon amarya, ya hangi Alhaji yana wucewa.

“Bawana, zo ka ɗana kujerar ubangidanka, ko ka mutu da labari.”

Alhaji ya yi murmushi ya ce, “Yaushe bawa ya fara kiran mai shi?” Amma ya hau. Ya zauna, ya jingina, ya lumshe ido har muka zaci barci ya ɗauke shi. Da ya sauko ya dafa ƙugu ya ce, “Ashe Babarbare ma yakan yi abin kirki bisa kuskure.”

Ɗan Talata na zaune a teburina, shayinsa ya huce a hannu. Alhaji ya ƙaraso ya zauna kusa da shi.

“Filoti, mun saba, ba na son sauya mota. Amma ƙugun nan ya tsufa. In wata ya kama zan kai iyali suna Damagaram. Inda zama ya fi daɗi, nan zan zauna.”

Mai hankali da sai ya je ya sayi soso ya gyara kujerar gaba, magana ta ƙare. Amma wa ya ce maka Ɗan Talata na da hankali? Ya miƙe tsaye, ya gyara hula.

“Alhaji, kujerar Fannami ai ta ƙasa ce. Ni kujerar sama zan yi maka, irin wadda na zauna a kanta. Kai da iyalinka duka, firimiya kilas.”

Alhaji ya ɗaure fuska. “Kilas? Irin na lakwal, makarantar boko? Na ƙare ƙuruciyata ina ɓoye yara a daji kada a kai su kilas, yanzu da furfurata ni za ka kai?”

“Ba na karatu ba, Alhaji. A jirgi haka ake kiran wurin manya. Attajirai a gaba, talakawa a baya, labule a tsakani.”

“Ba mushe mai koyarwa, ba bulala?”

“Ko ɗaya.”

“To, mu gani,” in ji Alhaji.

A ranar ya nufi maƙerar Abatcha. Abatcha mutum ne da bai taɓa cewa abu ba zai yiwu ba. Ko ruwa ka ce ya ƙera maka, zai ce ka dawo da la'asar. Jirgi kuwa bai taɓa ganinsa ba sai can ƙololuwa kamar shirwa. Ɗan Talata ya zana masa a ƙasa da tsinke: rabin bayan motar za a rufe da kwano, a huda ƙananan tagogi masu zagaye, kujeru bibbiyu a jere, kowace na kallon gaba, wata a bayan wata, bayan kowace kujera a ɗora shi kan ƙarfen ƙofa, a tokare da 'yar sanda, in mutum na son kwanciya a zare sanda ya kishingiɗa. Sai ɗamara.

Abatcha ya ce, “Ɗamarar me?”

“A jirgi ɗaure mutane ake yi.”

“Sata suka yi?”

“Girma ne, kai dai. Wanda ya fi kuɗi ma shi aka fi ɗaurewa.”

Abatcha ya gyaɗa kai ya ce yana da majayin raƙumi da yawa, a dawo da la'asar.

Gidan Ɗan Talata shi ya fara jin jiki. Matarsa Zaliha ta dawo daga lambunsu na kwari ta tarar an farke katifarta an kwashe audugar rimin, zannuwanta na adaka kuma suna hannun tela.

“Maigida, ina zan kwanta?”

“A tabarma, na ɗan lokaci. Nan da shekara a jirgi na gaske za ki kwanta.”

“Wanda ka kai wa akwati?”

“Wanda na shiga.”

“Ai kaza ma tana shiga masallaci,” in ji Zaliha, “ba a dai ba ta liman.”

Ya ce mata hassada ce, kuma zai buƙaci ma'aikaciya mai raba abin sha, ta shirya. Ta dube shi sama da ƙasa ta ci gaba da tankaɗe. Ya zo wurina ya ce ni zan yi, tunda na iya riƙon buta. Na ce ko da ɗankwali? Ya tsaya yana nazari, wallahi da gaske yake nazari, sai da na kore shi. A ƙarshe yayarsa A'i mai fura ta yarda, don an ce mata duk wanda aka ɗaure ba ya iya taya ciniki.

Da aiki ya kammala sai ya ce za a yi gwaji. Ya tattara zauna-gari-banzan tasha, ya loda su a firimiya da tsakar rana, ya ɗaɗɗaure su, ya rufe ƙofar kwano. Ni ban shiga ba, uwata ba ta haifi wawa ba, amma na ga dawowarsu. Kwano da ranar Gure, ka san abin da za su haifa. Ba su wuce lambuna ba aka fara bugun bango. Masu cin goro da taba suka nemi inda za su tofar, taga ta yi ƙanƙanta, kai ba ya fita, kowa ya tofa a ƙeyar na gabansa. A'i ta miƙe da ƙwaryar fura a daidai inda hanya ta fara gargada. Da motar ta dawo aka buɗe ƙofa, suka fito ɗaya bayan ɗaya, gaba fari, ƙeya ja, suna haki. Ɗaya ma tun a hanya ya kwance ɗamararsa ya tsaga labule ya dira, da ƙafa ya dawo.

Fannami na jingine da motarsa ya ce, “Filoti, wannan gasa su ka yi ko dafawa?”

“Ramin iska muka shiga,” in ji Ɗan Talata. “A sama ma akwai shi. Wanda bai taɓa tashi ba ba zai gane ba.”

“To furar fa?”

“An ba kowa rabonsa.”

Duk da haka ya koyi darasi biyu, kuma duka biyun ya koye su a karkace. Na farko, ya sa Abatcha ya yanke kwanon gefe da gefe, aka bar rufi kawai, firimiya ta koma kamar rumfar kasuwa, na ciki na ganin gari, gari na ganin na ciki. Ya ce ai haka ma ya fi, a ga manya a san manya ne. Na biyu, ya ce daga yau ƙullin ɗamara a bayan kujera za a riƙa yin sa, ƙullin kayan raƙumi, inda hannun fasinja ba ya kaiwa.

Wata ya kama, ranar tafiya ta zo, kuma ta faɗo ranar kasuwa. Mutanen Kelle da na Alakos duk suna gari. Motoci biyu na tsaye gefe da gefe, ta Fannami wayam, ta Ɗan Talata an cika bayanta da buhunan kanwa da fatu da mutane a kai, kowa na jiran Alhaji. Ɗan Talata ya sa farar riga mai maɓallai da wata hular jandarma da ya samo a gwanjo.

Alhaji ya iso da mutum huɗu: Malam Umara, tsohon malaminsa, wanda zai raɗa sunan, uwargidan Alhaji Nene, 'yarsu Habsatu, da mijin Habsatu, Boyi. Sai na gaya maka wane ne Boyi, don a kansa abin ya ƙare. Dogo ne, siriri, makiyayi, mai kunyar da ko a cikin Fulani ana misali da ita. Tun da ya auri Habsatu ba a taɓa ganin ya ci abinci inda surukansa suke ba, bai taɓa kiran sunansu ba, bai taɓa haɗa tabarma da su ba. In ya hango Nene a hanya, ƙaya yake faɗawa ya zagaye. Da can in za a yi tafiya irin wannan, shi can wutsiyar mota yake hawa kan buhu, ya juya yana kallon inda aka fito, kowa ya huta. Tsohuwar motar ba ta da daɗi, amma tana da lungun da kowa zai ɓoye kunyarsa.

Ɗan Talata ya shimfiɗa hannu. “Alhaji, kujerar farko taka ce. Malam a bayanka.”

Alhaji ya hau ya zauna. Ya shafa zanen Zaliha, ya jingina, har fuskarsa ta ɗan saki. Sai ya waiwaya ya ga Malam Umara na kallon ƙeyarsa. Ya miƙe zumbur.

“Ni in ba Malam baya daga nan har Damagaram? Wa ya koya maka wannan?”

“Haka ake yi a jirgi, Alhaji. Kowa na ba wani baya.”

“Ba su da malamai ne a can?”

Aka dawo da Malam gaba kusa da Alhaji. Malam ya ce shi dai kujerarsa ta fi ta Alhaji tudu, kuma baƙo ba ya fin mai gida tudu. Aka auna da tafin hannu, aka ga gaskiya ne, katifar Zaliha ba ta rabu daidai ba. Abatcha ya farke ya rage auduga. Yanzu kuma ta Alhaji ta fi, Alhaji ya ce sam. Aka rage tasa. Haka aka yi ta ragewa har dattawan nan biyu suka zauna a kan katako tsura, kowannensu ya gamsu.

Fannami ya leƙo ya ce, “Madalla. Ai ƙugu ya samu lafiya.”

Aka zo kan Boyi. Yana tsaye nesa, ya harɗe hannu a sanda, yana kallon yatsun ƙafarsa. Ɗan Talata ya ce ya hau jeri na biyu, bayan Alhaji. Boyi ya yi magana ƙasa-ƙasa, sai da Habsatu ta fassara: ba zai zauna a kujera mai tsayi ɗaya da ta surukinsa ba, a bar shi ya hau buhu.

“Buhu? Surukin Alhaji a cikin talakawa, Fannami na kallo? Abatcha, yanke ƙafafun.”

Abatcha ya kwance kujerar, ya zarce ƙafafunta da zarto, ya mayar. Ƙusoshin ba su ƙara kamawa ba, ya ce ai nauyin mutum ya isa ya riƙe ta. Boyi ya sake yin magana ƙasa-ƙasa. Habsatu ta ce yana tambaya wa zai zauna a bayansa. Can gefe kuma Nene ta aiko A'i ta ce ita ba za ta zauna tana kallon ƙeyar yaron nan ba, kuma kada a kuskura a sa shi inda zai kalli tata.

Rana ta yi sama, kanwa ta fara zafi a ƙarƙashin mutanen baya, an fara guna-guni. Wasu ma na satar kallon motar Fannami. Ɗan Talata ya share gumi, sai dabara ta faɗo masa, irin dabararsa. Ya ciro labulen da ke raba manya da talakawa, ya rataya shi a bayan kujerar Boyi. Ya raɗa wa Boyi, “Bayanka kaya ne kawai, Inna tana can ɗaya gefen.” Ya zagaya ya raɗa wa Nene, “Inna, gabanki buhuna ne, yaron yana can ɗaya gefen.” Ya zaunar da ita daidai bayan labulen, Habsatu a kusa da ita. Ya wuce ta gaban teburina yana ƙifta mini ido ya ce wannan ita ake kira injiniya.

Saura ɗamara. Ya nufi Alhaji da majayi.

“Me za ka yi da wannan?”

“Ɗaure ka zan yi, Alhaji, don girmamawa.”

“Ka ga na yi kama da maraƙi?”

Malam Umara ya ce shi ma ɗauri ɗaya yake jira, na likkafani, kuma bai ƙosa ba. Mata kuwa ba wanda ya isa ya tunkare su da igiya. Ɗan Talata ya tsaya da majayai a hannu, ga kasuwa ta taru tana kallo, ga shi ya riga ya cika baki da ɗamara. Ya juya kan Boyi. Boyi ba zai iya buɗe baki ya yi musu a bayan surukinsa ba, don haka duk ɗaurin da ya kamata a raba wa mutum biyar a kansa ya ƙare: ƙugu, ƙirji, kafaɗu, aka ƙulle a baya aka ja.

Sannan Ɗan Talata ya hau matakalar mota ya yi jawabi. Ya yi wa fasinjoji maraba da sunan kamfanin Filoti da iyalansa. Ya ce za a bi ta saman Gidimuni, yanayi na da kyau, kada kowa ya tofa sai an sauka. Wani daga kan buhu ya ce in za a tashi a tashi, gindinsa ya soyu. Ya shiga, ya tayar da inji, ya yi ta ba ta wuta tana tsaye, don a jirgi sai an yi ƙugi tukuna. Motar ta yi ta rawa, hayaƙi ya turnuƙe mini tebur. Da ya ji ƙugin ya kai yadda yake so, sai ya sake ta gaba ɗaya.

Motar ta yi tsalle kamar jakin da aka tsikara. 'Yar sandar da ke tokare bayan kujerar Boyi ta yi tsalle ita ma, ta faɗo ƙasa a gabana. Bayan kujerar ya tafi, ya tsinke labule, ya kwanta. Kan Boyi ya sauka a cinyar Nene, hularsa ta faɗi, fuskarsa na kallon sama, tata na kallon ƙasa, ido cikin ido.

Boyi ya yunƙura, majayi ya ce ina. Ya sake yunƙurawa, ƙullin raƙumi ya ƙara shiga. Sai ya runtse ido ya sandare, ya zaɓi ya mutu kawai. Nene ta ɗaga hannuwanta sama don kada ta taɓa shi, ta rasa inda za ta kai su, ta ja mayafi ta rufe fuska. Mayafin kuwa babba ne, ya sauko ya lulluɓe su su biyu, abin ya ƙara muni. Habsatu ta laluba neman ƙulli, ƙulli na ƙarƙashin kujera, kujera na kan gwiwar uwarta. Alhaji ya ji motsi ya waiwaya. Ya gani. Ya mayar da kansa gaba a hankali, ya kafa wa bangon kwano ido, bai ƙara motsi ba. Malam Umara ya ciro carbi.

Mutane suka bi motar suna ɗaga hannu suna cewa a tsaya. Ɗan Talata ya leƙo ta taga ya ga gari ya ɗauka, maza da mata na gudu suna kiran Filoti. Me kake tsammani ya zata? Ya cire hular jandarma ya kaɗa musu, ya danna oda. Maimakon ya miƙe hanyar Damagaram, sai ya ce ai ba a hana masoya kallo, ya karya kan mota ya shiga kasuwa. Ya bi ta 'yan kanwa, ya bi ta mahauta, ya ratsa kasuwar dabbobi inda Fulanin Kelle da Alakos suke tsaye, dangin Boyi da abokan kiwonsa, a hankali yake tafiya don kowa ya more. Ga firimiya a buɗe gefe da gefe. Wanda bai gani daga dama ba ya gani daga hagu, don sai da ya sake zagayowa.

Fannami ya hau rufin motarsa yana riƙe da ciki. Da suka zo wucewa ya ce, “Fulani, ashe haka kuke gaida surukai a ɓoye? Mu kuke yi wa kunyar ƙarya?” Kasuwa ta kwashe da dariya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye maka ba, har hawaye. Amma da na ga yatsun ƙafar Boyi sun dunƙule, sai na daina dariya, tausayinsa ya kama ni.

Zaliha ce ta tsayar da shi. Ta fito daga rumfar 'yan dabino ta tsaya a tsakiyar hanya, hannu a ƙugu. Ya taka burki ya leƙo yana washe baki.

“Kin gani da idonki? Kin ga gari?”

“Na gani. Sauko kai ma ka gani.”

Kafin ya zagayo, burkin ya riga ya yi aikinsa. Kujerar Boyi da ba ƙusa ta zame gaba, ƙafafunsa suka samu ƙasa. Bai jira wuƙa ba, bai jira Abatcha ba. Ya miƙe da kujerar a bayansa, ya dira daga motar, ya ratsa taro ido a rufe, ya yanki arewa. Mun bi shi da kallo har ya haye tudun yashi, kujera na lilo, zanen Zaliha na kaɗawa. An ce wani mai raƙuma ne ya kwance shi a bakin wata rijiya ta hanyar Kelle. Bai sake taka Gure ba sai da damina ta zagayo, shi ma da rawani har ido.

Ɗan Talata ya tsaya a gindin motar, ya dubi Nene a dunƙule cikin mayafi, ya dubi gurbin kujera, ya dubi Alhaji. Ko a nan bakinsa bai mutu ba.

“Alhaji, ramin iska ne. Ɗan gyara kaɗan ya rage, Abatcha zai ƙara sanda.”

Alhaji ya sauko a hankali, yana dafe da ƙugu. Ya taimaki Malam ya sauko. Ya yi wa Habsatu magana da Fillanci, ta kama uwarta suka nufi gida. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa. Ya gyara rigarsa sannan ya dubi Ɗan Talata.

“Filoti, a jirgin nan da ka shiga, in ya tsaya, mutane me suke yi?”

“Sauka suke yi, Alhaji.”

“To, mun sauka.”

Ya juya ya nufi tasha, Malam na biye. Fannami ya diro ya buɗe masa ƙofa, ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba. Alhaji ya ce, “Yau ba wasa, Fannami.” Fannami ya rufe bakinsa, ya kawo ruwa, ya kama masa hannu ya hau. Ba sai an gaya wa kowa ba. Masu kanwa suka fara sauke buhunansu, masu fatu suka bi, tsofaffi suka miƙa hannu a sauke su. Ɗan Talata na bin su ɗaya ɗaya yana cewa su dakata, za a koma yadda ake da, zai cire kujerun yau ɗin nan, zai rage musu kuɗin mota. Wata tsohuwa ta ce masa ita ma tana da suruki. Kafin azahar motar Fannami ta tashi a cike har rufi, tasa kuwa ba kowa sai A'i da ƙwaryar fura, tana tambaya wa zai biya ta.

Bai cire kujerun ba. Ya ce in ya cire, Fannami ya ci ke nan. Kowace safiya yakan kawo motar tasha ya goge ta, ya sa farar rigarsa, ya tsaya a bakin matakala. Zauna-gari-banza suka gano firimiya na da inuwa da iska, suka mai da ita majalisa, har can nake kai musu shayi. Ni da na fi kowa yi masa dariya, ganinsa a tsaye haka yakan sosa mini rai, don mutumin ba mugu ba ne, wauta ce kawai Allah ya ba shi da yalwa.

Wata ranar kasuwa wani baƙo daga Alakos ya zo da buhunsa, bai san labari ba. Ya ga mota da kujeru, ya hau ya zauna, ya jira har rana ta take. Da ya gaji ya leƙo ya ce, “Mai mota, yaushe za a tashi ne?”

Ɗan Talata ya gyara hula, ya dubi bakin tasha ya ce, “Yanzun nan. Alhaji muke jira.”

Alhaji kuwa tun hantsi yana hanyar Damagaram.